Yadda Ockleby Ya Zo Gyaɗi-Gyaɗi

Na yi shekara arba'in da 'yan kai ina koyar da tarihi, kuma abin da na fito da shi bai wuce jimla ɗaya ba: duk wata daula da ta taɓa tsayuwa a bayan ƙasa, a kan layi na biyu na jikin fom ta tsaya, wurin da ake cewa mutum ya rubuta sunan ubansa. Da wannan layin ake naɗa sarki, da shi ake raba gona, da shi ake korar mutum daga garin da ya tsufa a cikinsa. Takobi da igwa daga baya suke zuwa, bayan magatakarda ya gama aikinsa.

Abin da ya tayar mini da wannan tunani shi ne wani hoto da ya shigo wayata makon jiya. Rahila ce ta aiko shi, jikar tsohon hedimastana, wadda yanzu take aikin jinya a Ingila. Taswirar duniya ce, an ɗiɗɗiga mata jan tawada a duk inda ake samun masu sunan gidansu, wato Ockleby. 'Yan ɗigo ƙanana a arewacin Ingila, ɗaya can a Kanada, wani a Ostareliya, sai kuma wani ƙato, ja wur, zaune daram a kan Kano. A ƙasa ta rubuta: "Baba, kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka san kakana da ƙarfinsa. Wata ƙungiyar masu sunan nan ta neme ni, suna so su san wane ne cikin danginsu ya kai shi Najeriya. Don Allah ka tuna mini." Na ajiye wayar. Na tuna sarai, har da abin da ba ta tambaya ba.

Gyaɗi-Gyaɗin da nake nufi ba wannan ba ce da mota ke shinshinar bayan mota tun safe har magariba. A lokacin, in ka wuce gidajen ƙarshe ka miƙa wajen Tarauni, gonakin dawa da gyaɗa ne za su raka ka, Ƙauyen Alu kuwa ƙauye ne da gaske, ba a suna kaɗai ba. Mutum yana iya sanin ƙarfe nawa ba tare da agogo ba. Guga ya bugi bakin rijiya, an idar da sallar asuba ke nan. Turmi ya fara amsa turmi, hantsi ya kusa. Can sai ka ji an kwaɗa wa tsohon wilin motar da muka rataye a jikin darbejiya, wanda muke kira ƙararrawar makaranta don mu girmama kanmu. Ni a lokacin sabon malami ne, da satifiket ɗina da keke na da wando biyu, ina hura gawayin dutsen guga kowace Lahadi kamar wanda za a duba karin wandonsa a lahira. Ina haya a wani gida mai ɗaki shida, kuma biyu daga cikin ɗakunan na hedimastan makarantarmu ne, Malam Bitrus, mutumin Filato, da iyalinsa da tsohuwarsa, Mama Saratu. Ranar Lahadi mukan ji waƙoƙin cocinsu da Hausa ta tagar ɗaki, ranar Kirsimeti shinkafa ta zagaya gidan, ranar Babbar Sallah nama ya koma ta hanyar da shinkafar ta biyo. Mama Saratu kuwa in ta yi gwaten acca, kwanona ne na farko, wai gwauro maraya ne ko da uwarsa tana da rai. Babu wanda ya taɓa kiran Malam Bitrus da sunan gidansu. Hedimasta ne, ko Baban Ladi. Tsohon da ke da gidan ya kan ce shi dai wanda ya gaishe shi da safe ya san shi, sauran bayani na 'yan sanda ne.

Haka muke har shekarar da soja suka ce sun gaji, za su koma bariki su bar wa farar hula. Mun yi murna, na rantse mun yi. Amma abin da ba a faɗa mana a rediyo ba shi ne, da zarar an ba mutum ƙuri'a, an ba shi dalilin kallon maƙwabcinsa da gefen ido. Kalar hularka ta zama magana. Mai shayin da ka zauna a bencinsa ya zama magana. In ka gaida wani ka daɗe, a ce me kuka tattauna. In ka gaishe shi ka wuce, a ce me kake ɓoyewa. Cikin wannan iska aka liƙa sunayen masu zaɓe a bangon makarantarmu, aka kuma ce Hedimasta ne zai zama malamin zaɓe a rumfar da za a kafa a nan.

Akwai wani Alhaji Sule mai katako, shi ne shugaban wata jam'iyya a unguwar. Ba ya karanta boko, amma yana da hanci, kuma ya yarda da hancinsa fiye da yadda na yarda da littattafaina. Ya tare ni a gindin bangon, ya ɗora yatsa a wani wuri inda ya ga kalma ɗaya ta jeru sau da yawa.

"Malam, karanta mini nan."

Na gyara murya na karanta masa.

"Me?"

Na sake.

"Wannan suna ne ko maganin tari?" Ya ƙirga da yatsa. "Bakwai! Ƙuri'a bakwai da sunan da ba a taɓa yanka wa rago ba. Na wane gida ne?"

Na ce na Hedimasta ne, shi da matarsa da 'ya'yansa uku da suka isa, da ƙanensa da matar ƙanen. Alhaji Sule ya janye yatsansa a hankali, ya goge shi a jikin rigarsa.

"Shi ne kuma zai riƙe mana akwati," in ji shi. "To, madalla."

Da na yi shiru a nan, da maganar ta mutu kamar sauran maganganun bakin bango. Amma ina da shekara ashirin da huɗu, kuma an yi tambayar da babu mai iya amsa ta a unguwar sai ni. Ranar Asabar na hau keke na tafi ɗakin karatu na cikin gari, na nemo wani littafi mai kauri a kan sunayen Turawan Ingila. Sunan kansa ban same shi ba, tsabar ƙarancinsa. Amma na samu bayanin cewa sunayen da ke ƙarewa irin yadda ya ƙare, asalinsu sunayen ƙauyuka ne a arewacin ƙasar, waɗanda wasu mutanen teku suka kafa tun zamanin da. Na dawo da wannan ilimi a ƙirjina kamar mai ɗauke da ƙwai, na sauke shi a majalisar gindin darbejiya bayan la'asar.

"Mayaƙa ne," na ce, ina jin daɗin yadda aka yi tsit. "Sukan zo a jiragen ruwa, su ƙone gari, su kwashe dabbobi, daga baya su zauna a wurin kamar nasu."

"Su zo," in ji Alhaji Sule, yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya, "su zauna. Kun dai ji da kunnenku. Ba ni na faɗa ba, littafi ne."

Kafin mako ya zagayo, an gano abubuwa da yawa game da mutumin da muka yi shekaru muna cin shinkafarsa. An gano rediyonsa tana kama tashoshin waje. An gano yana karɓar wasiƙu masu kan sarkin wata ƙasa. An tuna cewa ana jin ƙarar tafireta daga ɗakinsa, kuma ba a san wa yake rubuta wa ba. Wani ya ce ɗan Saliyo ne, wani ya ce jikan Bature ne da rana ta ƙona, wani direba kuma ya rantse ya taɓa ganin mai kama da shi a bakin iyaka. Ni da na san rediyon kowa tana kama waje in ka murɗa ta, na kuma san wasiƙun na karatun da yake yi ta gidan waya ne, tafiretar kuma jarrabawar 'yan aji shida yake bugawa da ita, sai na samu kaina ina kasa kunne in na wuce ƙofarsa. Wannan shi ne abin da har yau yake ba ni mamaki game da zargi: ni na ƙera shi da hannuna, amma da ya zagaya unguwa ya dawo, sai na karɓe shi kamar labarin da aka kawo daga nesa. Har gwaten Mama Saratu sai da na fara jujjuya shi da cokali kafin in ci.

Sai Alhaji Sule ya zo mini da takardar ƙorafi zuwa ofishin ilimi, wai baƙo ɗan wata ƙasa yana riƙe da makarantar 'ya'yanmu da sunan aro. Wani ne ya rubuta masa da Turancin da ko akuya ba za ta ci ba. Na gaya wa kaina cewa ni ba ruwana da abin da ke ciki, Turancin kawai zan gyara. Na gyara shi sosai. Kwana goma bayan nan sufeto ya zo a kan babur, ya shiga ofishin Hedimasta, ya fito. Hukuncin gajere ne: kafin Juma'a ya kawo shaidar mai unguwa cewa shi ɗan ƙasa ne, in ba haka ba ya ajiye makullan makaranta. Aikin shekara ashirin da biyar ke nan, a kan kalma ɗaya.

Da aka tashi daga makaranta ya kira ni. Takardar tana gabansa, ya ɗora tabarau a kanta.

"Zauna, Malam."

Na ce na gode, tsayuwar ma ta isa.

"Na gane Turancinka," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Duk Tarauni kai kaɗai kake buɗe jimla da waccan doguwar kalmar da na sha hana ka. Ta yi kyau a nan, ban da ƙarya ce take bin ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni gyara kawai na yi."

"Na sani. Ni na koya maka gyaran." Ya miƙo mini alli guda biyu. "Gobe kai ne da 'yan aji biyar, malaminsu ba shi da lafiya."

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a zauren mai unguwa, wani tsoho siriri mai jin magana da kunne ɗaya, wanda mutane suka ce ya zaɓi kunnen da kansa. Hedimasta ya shimfiɗa takardunsa a kan tabarma: ta baftisma, ta firamare, ta kwalejin horon malamai. Kowacce da sunan nan a jikinta, wato kowacce ta ƙara wa Alhaji Sule ƙarfi.

"Malam Bitrus," in ji mai unguwa, "ya sunan mahaifinka?"

Ya faɗi wani suna na yarensu, gajere, mai daɗin faɗa. Zauren ya ɗauki guna-guni.

"Sun zama biyu!" Alhaji Sule ya buga cinyarsa. "Uba biyu, jama'a! Na takarda daban, na baki daban. To shi wannan na takardar wane ne?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," in ji Hedimasta, mai unguwa yake kallo, ba Alhaji ba. "Da shi na tashi a makaranta. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Na tambayi tsohuwa ina yaro, ta ce in je in yi karatuna."

Wannan ita ce gaskiya, kuma ban taɓa jin gaskiyar da ta yi kama da ƙarya kamarta ba. Na ga mai unguwa ya sunkuyar da kai, na ga ya ture biron da aka ajiye masa gefe guda. A daidai nan hasken ƙofa ya rufe. Mama Saratu ce, da wani baƙin akwatin ƙarfe a kanta. Babu wanda ya kira ta. Duk binciken da muka yi, da ɗakin karatu da direba da sufeto, babu wanda ya tuna cewa akwai tsohuwa a gidan da za a iya tambaya, ni da nake cin abincinta ma ban tuna ba. Ta sauke akwatin da kanta, ta durƙusa ta gaida mai unguwa, ta zauna a gefe tana haki.

Ta ba da labarin a taƙaice, da Hausarta ta kan dutse. Maigidanta ya yi aiki a wurin haƙar kuza, ya dawo ƙauye da wannan akwati, irinsa na farko a garin, har aka daina kiransa da komai sai mai akwati. Da ya rasu, ta zuba wa yaron 'yan kayansa a ciki, ta ɗora a ka, ta kai shi makarantar mishan, tafiyar yini guda. Malamin da ke rubuta sunaye baƙo ne, daga kudu. Ya ce sunan yaro, ta faɗa. Ya ce sunan uba.

"Sai na nuna masa akwati," in ji ta. "Duk garinmu in ka nuna akwatin nan an san wa kake nufi. Shi kuma ya leƙa, ya leƙa, ya rubuta. Na ce to, ashe shi ma ya san shi."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Alhaji Sule bai yi ba.

"An shirya wannan a gida," ya ce. "In gaskiya ne, ta faɗi sunan mijin mu ji ko zai zo daidai da wanda ɗan ya faɗa. Ai ba ta nan lokacin da ya faɗa."

Dabara ce mai kyau, dole in ba shi wannan. Mai unguwa ya juyo da kunnensa mai ji.

"Inna, ya sunan maigidan naki?"

Mama Saratu ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, ta juyar da fuska wajen bango.

"Mama, ki faɗa," in ji Hedimasta. "Aikina ne."

Ba ta juyo ba.

"Inna," in ji mai unguwa a hankali, "an fi shekara arba'in da rasuwarsa."

"Ko ɗari ce," ta ce wa bango. Sai ta miƙo hannu ta baya, ba ta duba ba, ta dafa murfin akwatin. "Mai wannan."

Sai mai unguwa ya fara dariya, irin ta tsofaffi wadda kafaɗa ke yi kafin baki.

"Alhaji Sule," ya ce, "Hajiya da wane suna take kiranka?"

Alhaji ya ce wannan ba ya cikin maganar da ta tara mu.

"Mai katako take cewa," wani ya amsa daga baya. "In ta yi fushi kuma ta ce shi wancan."

"Uwata," in ji mai unguwa, yana share ido, "har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan ubana a bakinta ba. Ga mace an ce mata aikin ɗanta zai tafi, ta kasa. Wannan kunyar ba a jirgin ruwa aka kawo ta ba. Ku ba ni biron."

Kafin a watse aka ce in duba akwatin, tunda ni ne masani. A kusa da kwaɗon akwai wani ɗan faifan tagulla, hayaƙi da tsatsa sun cinye shi, sai kalmar sama kaɗai ake gani. Na karanta ta, na miƙe, na sanar da zaure cewa babu shakka sunan Baturen da ya mallaki akwatin ne, wataƙila injiniyan kuza, wanda ya ba marigayi kyauta saboda riƙon amanarsa. Kowa ya gyaɗa kai. Hedimasta ma na ga ransa ya yi sanyi. Ya riƙe wannan bayani har ƙarshen ransa, ya gaya wa 'ya'yansa, su ma suka gaya wa nasu.

Ya riƙe makullansa, ya riƙe akwatin zaɓe, aka ƙirga ƙuri'a a gaban kowa. Ni kuma zango guda cur gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, har ran da ya aiko mini da jarrabawar 'yan aji shida ya ce in gyara Turancin. Mama Saratu kuwa ko kwana ɗaya kwanona bai yi fashi ba, kuma wannan ya fi shirun ɗanta yi mini zafi.

Yanzu gidan nan mai ɗaki shida an rushe shi, shagunan waya ne a wurin. Darbejiyar ta tafi da faɗaɗa titi. Matar ɗana tana ƙwala masa kira da sunansa na yanka tun daga kicin, a gabana, shi kuma ya amsa da fara'a, ni ne kaɗai nake neman inda zan sa idona. Sunan uba kuwa yanzu na'ura ce ke tambaya, kuma ita ba a nuna mata akwati. Zargin dai yana nan, sai ma sauri da ya ƙara. Abin da ya ɗauke mu mako guda da keke da majalisa, yau kafin shayi ya huce ya gama gari. Su kuma masu sunan sun yaɗu abinsu: gida biyu a Hotoro, uku a Daurawa, wasu a Kaduna, wani a Fatakwal, ga Rahila ta mayar da shi inda ya fito, har Turawa suna kiranta 'yar uwa suna neman reshen da ta tsiro a kai.

Kafin in ba ta amsa, na ce bari wannan karon in yi abin da ban yi ba ina da shekara ashirin da huɗu. Jiya na je Daurawa gidan babban ɗan Hedimasta, na ce a fito mini da akwatin. Yana nan a sito, albasa suke zubawa a ciki. Na sa aka kawo toka da lemon tsami, na zauna a kan kujera 'yar tsugune, na goge faifan tagullar nan da hannuna har ya yi haske, na sa tabarau.

Akwai layi biyu a ƙarƙashin kalmar. Malamin mishan ya gan su lokacin suna sabbi, amma gurbin rajista gajere ne, sai ya ɗauki ta sama kawai. Na farko ya ce: da 'ya'yansa. Na biyu ya ce: masu ƙera akwatuna da kwaɗo.